Tarihin Kwadon da Aka Sa wa Faifan Waƙa

Garin Jega yana bakin gulbin Zamfara, cikin ƙasar Gwandu, a Jihar Kebbi ta yanzu. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen shekara ta 1820, tun daga zamanin nan kuwa kasuwarsa ta yi suna. Fatake daga Nufe da ƙasar Yarabawa da Gwanja su kan sauke kaya a can, su ɗauki wani. Arewa maso gabas da shi ga Aliero, garin albasa da masu ɗori, kudu da shi kuma ga Maiyama a kan hanyar Yawuri. Duk abin da aka kawo irin wannan kasuwa, ko goro ne ko gishiri ko tufa, in mai shi ya sayar ya rabu da shi ke nan, in kuwa an sace masa zai duba ya ga babu. Amma akwai wata haja da ta shigo daga baya, wadda a kan sace ta alhali tana nan hannun mai ita ba ta ragu ba. Wannan haja ita ce waƙar da aka ɗauka a na'ura. Labarin da ke tafe na yadda aka yi ta ƙoƙarin tsare ta ne, a ƙasar Hausa da ƙasashen Turawa, da gardamar da ta tashi tsakanin waɗanda suka zuba dukiyarsu cikin wannan ƙoƙari.

Kafin zuwan na'ura

A zamanin da, waƙa ba ta rabuwa da mawaƙi. Wanda ya ke son ya ji Narambaɗa sai ya tafi Isa, fadar Sarkin Gobir, ko ya jira ranar da makaɗin zai biyo ta garinsu. Manomin da ya ke son kiɗa a gonarsa ran gayya sai ya aika a kirawo makaɗi da 'yan amshinsa. Nan take a ke biyan lada, ko riga ko doki ko damen hatsi ko kuɗi, in taro ya watse kuwa waƙa ta bi mai ita gida. Wani yana iya hardace ta ya rera, amma ba zai iya aron muryar ba, masu saurare kuma sun san asalinta.

Cikin 1877 wani Ba'amurke wai shi Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya. Bayan shekara goma wani kuma, Berliner, ya fito da garmaho, wanda ke karanta murya daga wani abu baƙi mai faɗi, kewayayye. Da ya iso ƙasar Hausa mutane suka ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, sai suka sa masa wannan suna. Daga baya kamfanoni irin su EMI suka riƙa ɗaukar muryoyin mawaƙan Hausa, kamar su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, suna bugawa suna sayarwa. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe cikin 1962, shi ma ya tara waƙoƙi masu yawa.

Har zuwa nan ba a da damuwa sosai. Faifan garmaho ba ya buguwa sai a babbar ma'aikata mai injuna masu tsada. Wanda ya sayi guda, guda ya ke da shi, ba shi da dabarar mai da shi biyu. Watau wuyar ƙera faifan ita ce ta tsare shi.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset cikin 1963. Bai bazu a Arewa sosai ba sai bayan 1970, musamman sa'ad da kuɗin mai suka shigo, ma'aikata kuma suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji cikin 1975. Rakoda ta shiga shaguna da rumfunan masu shayi da motocin haya. Abin da ya bambanta ta da garmaho shi ne, ita ba karantawa kaɗai ta ke yi ba, har ɗauka tana yi. Da aka kawo mai baki biyu, sai ya zama ko wane mutum mai rakoda da batir yana iya sa kaset mai waƙa a baki ɗaya, ya sa wanda babu kome a ɗayan, kafin ya gama cin abinci ya sami biyu.

Nan da nan sana'a ta tsiro. A kasuwanni irin na Jega aka sami masu rumfar kaset. Mutum ya zo ya faɗi mawaƙin da ya ke so, a ɗaukar masa, ya biya kuɗin kaset da na aiki, ya tafi. Babu ko anini da ke komawa ga mai waƙar. Abu guda ne kaɗai ya rage wa wannan ciniki ƙarfi: duk sa'ad da aka ɗauki kaset daga kaset, murya ta kan ɗan dusashe, in an yi ta yi har a kai ga jikan jika, sai a ji kiɗan kamar daga cikin rijiya.

Ƙasar Maiyama ta ba da misali mai ban mamaki a kan wannan. A can ne garin Fagada ya ke, mahaifar marigayi Alhaji Muhammadu Gambu, makaɗin kalangu wanda aka sani da waƙar ɓarayi, ko da ya ke a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana tubansa daga wannan kiɗa. Shi ba makaɗin fada ba ne, ba shi da sarkin da zai ɗaukaka shi, amma sunansa ya kai Kano da Zariya da ƙasar Nijar, har malaman jami'a suka yi nazarin waƙoƙinsa. Kaset ne ya yi masa wannan tafiya, daga hannu zuwa hannu, daga rumfa zuwa rumfa. Ga mai yi wa ɓarayi waƙa, ga waƙar tasa ana ɗauka ba da izini ba, ga shi kuma ɗaukar ce ta sa aka san shi inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Wannan ya nuna cewa ba kowa ne ya yi hasara iri ɗaya ba. Makaɗin gargajiya, wanda abincinsa ke wurin biki da sarauta da dambe, yaɗuwar kaset ta ƙara masa masu gayyata. Wanda ya ji jiki shi ne mai zuba jari, watau wanda ya biya kuɗin ɗauka da na bugawa yana jiran ya mai da su daga ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga wannan ga kuma faɗuwar darajar naira, sai manyan kamfanonin faifai na Turawa suka sayar da rassansu na Nijeriya suka tafi. Na Polygram ya koma Premier, na EMI ya koma Ivory.

Doka kuwa da ma akwai ta. Dokar Ingila ta haƙƙin mallaka ta 1911 ta hau kan Nijeriya cikin 1912, aka yi ta gida cikin 1970, amma horonta ba shi da zafi. Mawaƙa suka yi ta kuka har suka fita zanga-zanga a Ikko, watau Legas, cikin 1988. A ƙarshen shekarar nan gwamnati ta kafa sabuwar doka mai lamba 47, cikin 1989 kuma aka naɗa majalisar da za ta lura da ita, wadda daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Sai dai ma'aikatan hukuma kaɗan ne, kasuwanni kuwa ba su ƙidayuwa.

Dabarar Kanawa

Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da wasan Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta kankama. Waƙa ta zama gishirin wannan sana'a, har a kan saki waƙoƙin fim a kaset tun fim ɗin bai fito ba, don su jawo masu saye. Masu shirya fim suka tarad da dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai sun riga sun mallaki injunan kwafi da hanyoyin kai kaya ko ina, har Sakkwato da Jega da Maraɗi. Yaƙi da su ba zai yiwu ba, sai aka yi shiri da su.

Ga yadda shirin ya ke. Mai fim ya gama aikinsa, sai ya ba dillalai kaset na asali, su buga yawan da su ke so a kan kaset nasu. Shi kuwa sai ya tafi maɗaba'a ya buga kwali mai hotunan 'yan wasa, wanda a ke sa kaset a ciki, ya sayar musu. Ko wane kwali guda kaset guda ke nan, kuɗinsa kuma na mai fim ne. Kaset ɗin da ba shi cikin kwalin asali, kowa ya gani ya san na sata ne. Watau Kanawa sun sallama cewa abin da ke cikin kaset ba ya tsaruwa, sai suka tsare rigarsa.

Dabarar ta yi aiki shekaru, domin dillalan sun san juna, suna da ƙungiya, wanda ya ci amana kuma a kasuwa ɗaya za a wayi gari da shi. Amma tana da ɓaraka. Sau da yawa sai an sayar a ke biyan mai fim, ya yi ta sintiri yana bin bashi. Wanda kuma ke nesa da Kano yana iya buga kwalin jabu ba mai ganinsa.

Gwamnati ita ma ta bi wannan hanya ta alama. Cikin 1999 aka yi ƙa'idar manna wani tambari mai walƙiya a jikin kaset da faifai na halal, irin wanda ke da wuyar kwaikwayo. Cikin 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da wani shiri na yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP, cikin 2006 kuma aka yi ƙa'idar da ta wajabta wa ma'aikatun buga faifai su yi rajista, daga baya aka tilasta musu sa lambar shaida a jikin abin da suka buga. Duk da haka faifan jabu bai yanke ba, domin mai saye ba tambari ya ke dubawa ba, farashi ya ke tambaya.

Faifan sidi

Faifan da a ke magana a nan ba na garmaho ba ne, wani ne ƙarami mai sheƙi da a ke kira sidi. Kamfanin Philips da na Sony na Japan su suka haɗu suka ƙago shi, ya shiga kasuwa cikin 1982. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar waƙa ta kamar minti 74. Ba allura ke karanta shi ba, wani siririn haske ne. An mai da muryar lambobi, lamba kuwa in aka kwafe ta daidai ba ta dusashewa: kwafi na dubu daidai ya ke da na fari.

Sa'ad da aka ƙago shi ba a sa masa wani kwado ba, domin a lokacin buga shi sai ma'aikata. Amma kafin shekara ta 2000 kwamfuta mai iya kwafe sidi ta yi araha, ta shiga gidaje a Turai da Amurka. Aka kuma sami dabarar matse waƙa ta zama 'yar ƙarama, wadda a ke kira MP3, har a iya aika ta ta intanet. Cikin 1999 wani ɗalibi a Amurka ya ƙago Napster, hanyar da miliyoyin mutane suka riƙa musayar waƙa kyauta. Kotu ta sa aka rufe ta cikin 2001, wasu suka maye gurbinta. Cinikin waƙa a Amurka ya kai dala miliyan dubu 14 da ɗoriya cikin 1999, bayan shekara goma kuwa ya ragu da kusan rabi.

Kanawa sun tsare kwali, gwamnatin Nijeriya ta manna tambari. Kamfanonin Turawa kuwa, da ya ke su suna da masana na'ura, sai suka ce za su sa kwado cikin faifan kansa. Abin da ya same su ya isa a tsaya a duba.

Abin da su ke nema shi ne faifan da zai yi waƙa a rediyon ɗaki da na mota, amma in an sa shi a kwamfuta ya ƙi kwafuwa. Dabara ta fari ita ce a rikita kwamfuta. A kan sa kurakurai da gangan cikin faifan, ko a rubuta bayanin ƙarya a zoben da ke bakinsa, wanda rediyo ba ta kula da shi amma kwamfuta ta kan karanta ta ɓace. Cikin 2001 aka fitad da faifan mawaƙi Charley Pride da kwado a Amurka, wata mata da ta saya ta kai ƙara don ba a yi mata cikakken bayani a jikin kwalin ba. Cikin 2002 faifan Celine Dion da aka sayar a Turai ya riƙa sandarad da wasu kwamfutoci. A shekarar nan kuma labari ya bazu cewa in mutum ya sami alƙalami mai baƙin tawada ya shafe zoben nan na baki, kwadon ya tashi daga aiki. Kamfanin Philips kansa ya ce irin waɗannan faya-fayai sun saɓa wa ƙa'idar sidi, bai kamata su ɗauki tambarinsa ba.

Gardamar masu hannun jari

Ba kamfanonin waƙa ne ke ƙera kwadon da kansu ba galibi, wasu kamfanoni ne dabam, a kan biya su 'yan kwabbai a kan ko wane faifai. Babba cikinsu a lokacin shi ne Macrovision na Kalifoniya, wanda da ma ya yi suna wajen kulle kaset na bidiyo, cikin 2002 kuma ya saye kamfanin Midbar na Isra'ila mai irin wannan aiki. Akwai kuma wani ƙarami, SunnComm, a birnin Finiks na jihar Arizona, shugabansa Peter Jacobs.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da a ke nufi da hannun jari. Kamfani ya kan kasa mallakarsa kashi-kashi ya sayar wa jama'a, ko wane kashi shi ne hannun jari. Wanda ya saya yana sa ran kamfanin ya ci riba, kashinsa ya yi daraja. Ya yi kama da ɗan kasuwar Aliero da ke sayen albasa lokacin da ta yi yawa, ya zuba a rudu yana jiran ta yi tsada. In zancen ƙarancin albasa ya bazu, abin da ke rudunsa ya ƙara kuɗi tun bai taɓa shi ba. In kuwa aka ji ruɓa ta shiga, kowa ya gudu.

Hannun jarin SunnComm ba ya kai ko dala guda, saboda haka ƙananan masu jari da yawa suka saya. Lissafinsu mai sauƙi ne: ana buga ɗaruruwan miliyoyin faya-fayai ko wace shekara a Amurka, in ko wane guda ya kawo 'yan kwabbai, ai arziki ya samu. Cikin watan Satumba na 2003 kamfanin waƙa na BMG ya fitad da faifan mawaƙi Anthony Hamilton ɗauke da sabon kwadon SunnComm mai suna MediaMax. Wannan ba rikita kwamfuta ya ke yi ba. Wani ɗan aike ne aka ɓoye cikin faifan, da an sa faifan sai ya sauka cikin kwamfuta ya zauna, duk sa'ad da aka so kwafe waƙar ya dagula ta.

Ba a yi mako biyu cikakku ba, ran 6 ga Oktoba, wani ɗalibin Jami'ar Princeton mai suna John Alex Halderman ya wallafa sakamakon binciken da ya yi. Ya nuna cewa akwai wani maɓalli a jikin kwamfuta, wanda a ke dannewa in za a rubuta babban baƙi. In mutum ya danne shi sa'ad da ya ke sa faifan, ɗan aiken nan ba zai tashi ba, waƙa kuma ta kwafu lafiya lau. Hannun jarin kamfanin ya faɗi, kamfanin da kansa ya ce darajarsa ta ragu da fiye da dala miliyan 10. Ran 9 ga wata ya ce zai kai ɗalibin ƙara. Mutane suka yi ca a kansa, kashegari Jacobs ya janye.

Daga nan masu hannun jari suka rabu biyu. Kashi na fari suka ce ba a fahimci amfanin kwado ba. Suka ce ba a yi shi don gwanin ɓarawo ba, an yi shi ne don mutumin kirki wanda ke kwafe wa abokai biyar ba tare da ya ɗauki abin laifi ba. Galibin mutane ba su san zancen maɓallin ba, in kuwa an rage kwafi ko da kaɗan ne, kamfanonin waƙa za su ci gaba da biya. BMG ma ya ce da ma ya san da wannan kafa, bai kuma fasa ba. Cikin watan Yuni na 2004, da faifan ƙungiyar Velvet Revolver mai ɗauke da MediaMax ya zo na ɗaya a ciniki a Amurka, sai suka ce to, ga shaida, masu saye ba su ƙi shi ba.

Kashi na biyu suka ce lissafin nan na zamanin kaset ne. Suka kawo hujja uku. Ta fari, yanzu ba a bukatar kowa ya iya buɗe kwadon, mutum ɗaya ya isa: in ya buɗe ya sa waƙar a intanet, duniya duka ta samu, kuma haka aka riƙa gani ga faya-fayan da aka kulle. Ta biyu, duk abin da kunne zai ji, na'ura za ta iya ɗauka, tun da tilas ne faifan ya fitad da murya in dai ana so a saye shi. Ta uku, wahalar kwadon kan mai gaskiya ta ke faɗawa. Wanda ya biya kuɗinsa shi ne zai kasa sa waƙar cikin 'yar na'urarsa ta aljihu irin iPod, wanda ya ɗauko ta sata kuwa ba abin da ya dame shi. Suka ce ciniki ba ya ɗorewa in kayan halal sun fi na sata wahalar amfani.

Garin neman gira

Abin da ya raba gardamar ya zo cikin 2005. Sony da BMG sun riga sun haɗe cikin 2004, suka ɗauko wani kwado mai suna XCP daga kamfanin First 4 Internet na Ingila. Shi wannan in ya shiga kwamfuta sai ya ɓuya can ciki, yadda mai ita ba zai gan shi ba, balle ya fitad da shi. Ran 31 ga Oktoba 2005 wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano shi cikin tasa, ya bi sawunsa har zuwa wani faifan waƙa da ya saya, ya bayyana wa duniya. Ba a daɗe ba masu ƙera cutar kwamfuta suka fara fakewa a maɓoyar da XCP ya haƙa, suna shiga kwamfutocin mutane.

Aka yi ta kai ƙara, har gwamnatin jihar Texas ta kai tata cikin watan Nuwamba. Sony BMG ya janye faya-fayan daga kasuwa. Iri 52 ne, an buga wajen miliyan 4 da dubu 700, an riga an sayar da fiye da miliyan 2. Halderman da malaminsa Edward Felten suka sake duba MediaMax, suka tarar shi ma yana sauka cikin kwamfuta ko da mai ita ya ce bai yarda ba, aka kuma sami wata kafa a jikinsa mai haɗari. Cikin watan Janairu na 2007 kamfanin ya yi sulhu da hukumar ciniki ta Amurka, ya yarda ya biya har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. An tafi neman gira an rasa ido.

Daga nan kasuwar kwadon sidi ta mutu. EMI ma ya bari. Cikin 2007 ya yarda a sayar da waƙoƙinsa ta kantin Apple na intanet ba kwado, cikin 2009 sauran manyan kamfanoni suka bi. Waɗanda suka zuba jari suna jiran kwabbai daga ko wane faifai, albasarsu ta ruɓe a rudu. Ɗalibin da aka so kai wa ƙara kuwa ya zama farfesa a Jami'ar Michigan. Abin da ya farfaɗo da cinikin waƙa a ƙasashen nan daga baya shi ne hanyoyi irin su Spotify, wanda aka buɗe cikin 2008, inda mutum ke biyan kuɗi kaɗan ko wane wata ya saurari abin da ya ke so, har ya ga wahalar neman na sata ba ta da amfani.

Komawa gida

Irin wannan kwado bai taɓa zama babban al'amari a kasuwannin ƙasar Hausa ba. Faifan sidi da na bidiyo sun cika su ne bayan shekara ta 2000, ana sayar da guda naira 100 ko 150, galibi daga kasuwar Alaba ta Ikko ko daga Kano. Mawaƙan Kudu da yawa suka bi sawun dabarar Ƙofar Wambai, suka riƙa sayar wa dillalan Alaba waƙar ɗungum su karɓi kuɗinsu gaba ɗaya. Sa'an nan wayar hannu ta zo, cikin 2001, daga baya aka sami mai ɗaukar ɗan katin ajiya. Masu rumfar kaset suka koma masu tura waƙa: yaro da kwamfuta a bakin tasha, ya cika wa mutum waya da waƙoƙi ɗari kan kuɗi kaɗan. Nan babu faifai, babu kwali, babu inda za a manna tambari. Dillalan Ƙofar Wambai da suka ci kasuwar garmaho, su ma aka ci tasu.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mawaƙan Hausa na zamani da yawa sun koma ga abin da ya ciyad da kakanninsu, watau biki da taro da waƙar manyan mutane, sun kuma ƙara da YouTube, inda a ke biyansu gwargwadon masu kallo. Cikin watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta shafi abin da ke intanet, ta kuma haramta karya kwadon da mai fasaha ya sa wa aikinsa.

Amma akwai waɗanda wannan sauyi bai share wa hawaye ba. Makaɗin da ya tsufa muryarsa ta tafi ba ya iya zuwa biki. Wanda ya rasu ya bar iyali, muryarsa tana tashi a ko wace tasha daga Maiyama har Agadas, magadansa kuwa sau da yawa ba su ganin kome. Tarihin nan ya nuna cewa na'ura ba ta iya tsare musu haƙƙinsu ba, ko da an kashe mata miliyoyi. Inda aka ɗan sami nasara, a Kano ko a Turai, an same ta ne ta hanyar shiri tsakanin mai waƙa da mai sayarwa, da sauƙaƙa wa mai saye hanyar biya. Saura kuma ya rage ga masu tura waƙa da ƙungiyoyinsu da masu saurare, su san cewa abin da ke fitowa daga waya gumin wani ne, su nemi hanyar da wani abu zai riƙa komawa gidan mai shi.